Aikin da Nake Yi a Abuja

Ni dai ban taɓa neman zama marubuci ba. Maƙwabcina ne ya ja ni, wani tsohon hedimasta ɗan kudancin Kaduna wanda katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu a Kurmin Sarki, nan Suleja. Kusan lokaci ɗaya muka yi ritaya, sai dai shi ya sami abin yi, ni kuwa na sami kujerar roba a ƙofar gida, ina koya wa 'yan acaɓa inda ya kamata su ajiye babur. Wata rana ya tsaya a kaina da kwamfutarsa a hammata ya ce, "Maƙwabci, in ka ci gaba a haka, kafin damina ta fita ka gama faɗa da kowa a layin nan. Taso ka taya mu aiki."

Aikin shi ne rubuta maƙaloli da Hausa a wani kundin ilimi na intanet, irin wanda mutum zai buɗe a waya ya nemi bayanin gari ko cuta ko tsuntsu. Su kaɗan ne masu yi a Suleja, kuma sun ɗaura wa kansu wata ƙa'ida, cewa ba wanda zai ɗora rubutunsa sai wani a cikinsu ya karanta. Na ce wannan ai wasan yara ne. Mutumin da ya shekara talatin yana rubuta rahoto a ma'aikatar gwamnati a Abuja, rahoton da manya suke sa wa hannu ba tare da sun ko ɗaga gira ba, shi za a duba wa rubutu? Daga baya ne na fara zargin cewa manyan nan ba sa karantawa ne, amma a lokacin ban kai nan ba.

Na zaɓi abin da na fi sani a duniya, wato yadda ake adana magungunan rigakafi. Kwana uku na yi a kai. Na kai shagon buga takardu aka fitar mini da shafi biyu, don shi Hedimasta ba ya duba rubutu sai a takarda, da jan biro, kamar har yanzu yana da ɗalibai.

Washegari ya miƙo mini takardun ta saman katanga. Wallahi sai da na ɗauka manja ne ya zube a kai. Duk inda na sa haruffan taƙaitawa, ya zagaye su. Duk inda na sa kalmar da muke amfani da ita a wurin aiki, ya ja layi ya rubuta "mene ne wannan?" a gefe. Na zagaya gidansa ko takalmi ban sa daidai ba.

Ya saurare ni har na gama, yana ɓare gyaɗa. Sannan ya ce dokar ba wuya. Karon farko da ka ambaci haruffa, ka warware su, ka faɗi abin da suke nufi da Hausar da mai sayar da tumatir zai gane. In sau ɗaya kawai abin zai fito, haruffan ma ba su da amfani, ka faɗi sunan abin ka wuce. Na ce masa ba jarirai nake rubuta wa ba. Akwai macen da ta taɓa haihuwa a ƙasar nan da ba ta san BCG ba?

"To kai wa Hajiyarka ka karanta masa," in ji shi. "In ya gane, na ajiye birona."

Ka ji fa. Mutumin da har yau yake ce wa mace "ya", kamar yadda mutanen wajensu suke yi, shi ne zai gyara mini Hausa, ni haifaffen Zariya. Haka na dawo gida ina ƙunƙuni. Gaskiyar magana, ko harafi ɗaya na Hausata bai taɓa ba, amma mai fushi ba ya tsayawa duba irin wannan.

Na tarar da uwargida a tsakar gida bayan azahar, tana tsince shinkafa 'yar gida da aka kawo mata daga kasuwar Gawu Babangida. Shinkafar tana da daɗi, amma sai ka rantse rabin buhun tsakuwa ce. Matata iyakar karatunta firamare da Islamiyya, sana'arta kuwa zoɓo da kunun aya da ƙanƙara, kuma ba na jin akwai wanda ya taɓa cutar ta a ciniki ya kwana lafiya. Na jawo kujera na ce ina so ta raba mana gardama da maƙwabci. Zan karanta mata abu, ta faɗa mini ko ta gane.

Ta ce, "Malam, na san halinka. In na katse ka za ka ce na raina ka. Karanta kawai. Duk inda ban gane ba zan jefa tsakuwa a gwangwanin nan, in ka gama sai ka duba."

Wani tsohon gwangwanin madara ne a gefenta. Na gyara murya na fara. Layin farko ya wuce lafiya, har na ɗan kalli katanga ko Hedimasta yana ji. Sai na zo inda na rubuta: "Wajibi ne CCO ya tabbatar OPV da BCG suna cikin ILR, kuma ya duba VVM kafin ya fitar da su."

Kwas. Kwas, kwas. Kwas. Kwas.

Ba ta ko ɗago kai ba. Na ci gaba da ƙarfin hali, gwangwani yana amsa mini. Kafin in kai ƙarshen shafin farko tsakuwar da ta tara ta ƙare, sai da ta ce in dakata ta tono wasu daga cikin faifan. Tun da muka yi aure ban taɓa cin shinkafa mai tsabta kamar ta ranar ba.

Na ajiye takardar na ce, "Haba Hajiya. BCG fa? 'Ya'ya nawa kika kai aka yi musu?"

"Wacce ce a ciki? Ta kafaɗa mai barin tabo, ko wadda ake ɗigawa a baki?"

"Ta kafaɗa."

"To ka ce ta kafaɗa mana."

Na haɗiye wannan. Na ce to shi CCO ɗin fa, da ta jefa masa tsakuwa tun farko? Ai ni ne. Muƙamina ke nan har na bar aiki.

Sai a nan ta ɗago. Ta ce, "To sannu da aiki. Ni dai abin da na sani, kana fita da asuba ka hau bas ɗin Abuja, ka dawo kana zagin cunkoson Madalla. In an tambaye ni sai in ce kana aiki a Abuja. In an matsa in ce ɓangaren lafiya. In aka ƙara matsawa sai in tambayi mutum ko zai sha zoɓo."

Na yi dariya don na ɗauka wasa take. Da na ga ba wasa ba ne na ce me ya hana ta tambaye ni duk shekarun nan.

"Na tambaya. Sau biyu, farkon aurenmu. Ka amsa mini da irin waɗannan haruffan. Sai na ga kamar laifin ƙarancin bokona ne, na ja bakina na yi shiru."

Ta faɗe shi ne kamar mai ba da labarin farashin gawayi, ta koma kan faifanta. Ni kuwa abin ya soke ni, ba zan ɓoye ba. Matar da ta shekara talatin tana tashi kafin ladan ta dafa mini ruwan wanka, tana goge mini kaya, ba ta san inda kayan suke zuwa ba. Daga ranar na manta da gardamata da Hedimasta. Abin da nake so kawai shi ne in karanta wa matar nan aikina daga farko har ƙarshe, gwangwanin nan bai yi ƙara ba.

Na ɗauka abin kwana ɗaya ne. Na zauna zan warware haruffan ɗaya bayan ɗaya, sai ga abin kunya. BCG ɗin da na yi ta cika baki a kansa, ni kaina ban san me haruffan suke wakilta ba. Na rubuta shi a takarda ya fi a ƙirga, na sa hannu na karɓa, na sa hannu na bayar, ban taɓa tambaya ba. Da na bincika sai na tarar harafi biyu a ciki sunayen wasu Turawa ne da suka haɗa maganin. Ban gaya wa Hedimasta wannan ba, yanzu ne zai gani in ya karanta.

A zubi na biyu na warware kowane harafi zuwa cikakken Turancinsa. Na ji daɗin kaina sosai, maƙalar ta ƙara tsawo, ta yi kwarjini. Na kawo wa uwargida. Inda a da take jefa tsakuwa ɗaya, yanzu uku take jefawa, kowace kalma da tata. Daga bayan katanga na ji muryar Hedimasta yana cewa, "Maƙwabci, ƙanƙara ake yi a gidanka ne? Nan wajenmu ko hadari babu."

Ban tanka masa ba. Mutum ne da in ka ba shi amsa ɗaya sai ya kai ta coci ranar Lahadi.

A zubi na uku na ce to bari in mayar da komai Hausa tsantsa. Na ɗauki kalmomin aikinmu na juya su ɗaya bayan ɗaya. Tsarin da muke bi na riƙe magani cikin sanyi tun daga masana'anta har hannun mai yin allura, na sa masa "sarƙar sanyi", kamar yadda yake a Turance. Firjin da muke amfani da shi na kira shi "firji mai shimfiɗar ƙanƙara". Na karanta mata ina jiran yabo. Ta riƙe tsakuwar a hannu ta ɗan jima, kamar tana tausaya mini, sannan ta sake ta.

Ta ce, "Kalmomin duk na san su. Abin da suke yi tare a wuri ɗaya ne ban sani ba."

A nan na yi fushi na gaske. Na ce da gangan take yi, sun haɗa baki da maƙwabci. Na ce akwai ilimin da ba a yi shi don kowa ba. Ina faɗa na ji nauyin maganar, amma ta riga ta fita. Ta kife gwangwanin, ta ɗauki faifanta ta shiga kicin. Kwana biyu ina ɗaukar takardar ina ajiyewa, ba ta tambaye ni ba, ni ma girman kai bai bar ni na kawo mata ba.

Rana ta uku da hantsi wuta ta ɗauke. Wannan ba labari ba ne a unguwarmu, amma ranar Hajiya ta cika firiza da kunun aya na wani biki da za a zo ɗauka da yamma, ga rana tana dukan kwano. Ina zaune na ga ta miƙe ba gaggawa ba ruɗewa. Ta jawo manyan kuloli biyu ta jera ƙanƙara a ƙasa da gefe-gefe. Ta buɗe firizar sau ɗaya tak, ta kwashe robobin kunun ta shirya su a tsakiya, waɗanda aka fara yi a sama don su fara fita. Ta rufe, ta lulluɓe firizar da tsohon bargo. Zoɓon kuwa ta bar shi a ciki. Na matso zan ɗaga murfin kula in ga yadda ta jera, ta buge mini hannu.

"Kada ka buɗe. Duk buɗewa ɗaya sanyi ne yake fita."

Na tambaye ta me ya sa ta kwashe kunun ta bar zoɓon. Ta dube ni kamar na tambaye ta sunan unguwarmu. Ta ce zoɓo yana da haƙuri, kunun aya kuwa in ya ji ɗumi ya tafi ke nan, ko ka mayar da shi cikin sanyi ba zai dawo ba. Abin haushin ma, a ido lafiyarsa ƙalau, sai wanda ya sha ne zai gaya maka.

Na tsaya riƙe da gefen bargon. Na ce, "Hajiya, wannan da kika yi yanzu, shi ne aikina."

Ta ce wanne.

Na ce duka. Maganin rigakafi ma haka yake. In ya ji zafi ya mutu, kuma a ido ba za ka gane ba. Za a yi wa yaro allura, uwarsa ta koma gida hankali kwance, alhali ruwa aka sa masa. Ni aikina in tabbatar bai ji zafi ba tun daga ranar da ya shigo ɗakin ajiyarmu har ranar da zai bar hannuna. Safe da yamma ina duba ma'aunin sanyi ina rubutawa. Na san wanda yake da haƙuri da wanda ba shi da shi, da wanda in ya daskare ma ya lalace. In za a kai ƙauye, ni nake jera shi a kula da ƙanƙara, wanda ya fi daɗewa ya fara fita.

Ta zauna a kan kular. Ta ce to in a ido ba a ganewa, yaya nake sani? Na ce akwai wata 'yar takarda da ake mannawa a jikin kwalbar, da'ira ce da ɗan murabba'i mai haske a tsakiya. In kwalbar tana shan zafi murabba'in yana yin duhu, in ya kai duhun da'irar sai a zubar. Na ce wannan ita ce VVM ɗin da ta sha tsakuwa.

"Ikon Allah," in ji ta. "Da za a samo mini irinta in manna wa kunu, da na huta da masu dawo da kaya." Ta ƙare mini kallo daga hula har takalmi. "Ashe duk shekarun nan kai ma mai ƙanƙara ne. Sai dai kai kana sa takalmi sau-ciki."

Na so in ji haushi, dariya ta hana ni.

A ranar na sake rubuta maƙalar daga tushe, ina tuna yadda na faɗa mata a bakin firiza. Taƙaitattun sunaye biyu kawai na bari, waɗanda mutum zai gani a katin asibiti, su ma sai da na fara faɗin me ake nufi sannan na kawo su. Sauran na kore su, har da muƙamina, wanda ya koma "ma'aikacin da ke kula da sanyin magani". Na ji zafin wannan kaɗan, don haruffan sun fi cika baki. Hedimasta ya riƙe takardar kwana guda ya dawo da ita da da'ira ɗaya tak, ita ma na tabbata don kada a ce bironsa ya zauna banza ne.

Kafin in ɗora, na karanta wa uwargida da la'asar. Ta saurara hannunta a kan cinya har na kai ƙarshe. Na ɗago ina jiran ta ce madalla, sai na ga hankalinta yana wani wuri.

Ta ce, "Malam, ranar sunan babbar 'yarmu. Abin da ya faru ke nan?"

Na daɗe ban tuna da ranar ba. An yanka rago da safe, 'yan'uwa sun zo daga Zariya, mahaifiyar Hajiya tana ɗaki, gidan hayar da muke ciki a lokacin ya cika. Sai ga direban wurin aikinmu da saƙo, don lokacin ba waya. Na leƙa ɗaki na gaya wa Hajiya abin da ya faru, na sa hula na fita. Ban dawo ba sai da baƙi suka watse.

Na ce eh. Wuta ce ta ɗauke tun daren jiya, janareta ya ƙi tashi, ga ɗakin sanyi cike da maganin da za a raba wa ƙauyuka a makon. Muka bi masu sayar da kifi a kasuwa muna roƙon ƙanƙara da wurin ajiya, muka yi ta jigila da kuloli har yamma. Ko kwalba ɗaya ba mu zubar ba. Na ce ai na gaya mata kafin in fita.

"Ka tsaya a bakin ƙofa ka faɗi wasu haruffa, ka ce sun tsaya, ka tafi. Inna ta tambaye ni ina mijina, na rasa abin da zan ce. 'Yan'uwana suka ce oga ne ya kira ka, kuma ka fi jin tsoronsa a kan kunyar surukai. Ni ma haka na ɗauka."

Bayanin da na yi mata yanzu bai kai minti biyu ba, kuma ina da minti biyun a waccan ranar. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji a gaban wani oga ba. Na ce ta yafe mini.

Ta ce, "Na yafe maka tun tuni, don zama ya yi daɗi. Sai dai yau ne na san abin da na yafe." Sannan ta turo mini wayata da ke kan tabarma. "Ita ma labarin da ta tashi da shi a bakin dangi shi ne ubanta bai zauna sunanta ba. Ba ta taɓa yi maka maganar ba don tana jin nauyinka. Kira ta."

'Yar tamu tana aure a Minna, da 'ya'yanta uku. Na riƙe wayar ina shirya kalmomin a raina, ina cire waɗanda ba za su yi ba. Ta ɗauka a bugu na biyu.

"Baba, lafiya dai?"

Na ce lafiya lau. Na tambaye ta ko hannunta a sake yake, akwai abin da nake so in gaya mata game da aikin da nake yi a da.